Teburan da Aka Shafa wa Baƙin Mai

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda na rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, makarantar da zan ba da labarinta kuwa ta yaye likitoci da injiniyoyi da alƙalai, sai nake tsoron in rubuta wani abu ba daidai ba, su karanta su yi ta girgiza kai. Sau da yawa na fara, in na zo tsakiya sai in ce wa kaina, anya wancan ne ya riga wannan faruwa? Sai in yage. Abu biyu ne suka sa na daure. Tsofaffin ɗalibai suna tattara tarihin makarantar, sun ce kowa ya kawo abin da ya sani. Sannan cikin samarin da ke aiki a shagon ɗana, masu zarton lantarki, na ji wani yana cewa ai teburin makaranta ba aiki ba ne, ƙafa huɗu ne da falanki a sama. Na koma gida abin yana cina.

Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don ban nemi izinin kowa ba. Sakandaren gwamnati ce ta maza, ta je-ka-ka-dawo, a bayan Sharaɗa ta wajen hanyar Challawa. Ni ne kafintanta tun ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da azuzuwanta ba su taka kara sun karya ba, gonakin dawa sun kewaye ta, jiniyar masaƙa ce ke gaya mana lokaci idan ƙararrawa ta sami matsala. 'Ya'yan leburorin kamfani ne ɗalibanmu, da 'ya'yan manoman da aka gina kamfanonin a gefen gonakinsu.

Aikin farko da aka ba ni a duniya shi ne miƙe ƙusa. A Dakata ne, wurin Baba Inuwa mai yi wa manyan motoci bodin katako. Ya ajiye mini gwangwani cike da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, da guntun ƙarfen layin dogo, da ƙaramar guduma. Na yi ta bugu har damina ta wuce, ban taɓa zarto ba. Kullum da yamma zai ɗebo su, ya mirgina kowace a kan ƙarfen. Wadda ta yi rawa sai ya jefo mini ita a cinya ya ce, "Isiyaku, wannan ba ta gama gaisawa ba." Bayan ƙusa sai wasa zarto da magagari, haƙori bayan haƙori. Bayan wannan sai wasa bakin filen, wato abin da muke kankare fuskar katako da shi. Sai da na iya gyaran kayan aiki aka bar ni na yi aiki da su. A wurinsa na koyi duba abu sau biyu. Dubawa ta uku da ta huɗu kuwa halina ne, da shi aka haife ni.

Benci na farko da na yi wa makarantar, da akwatin inji na yi shi. Ku samarin yanzu ba ku ga wannan ba. A lokacin ana ta kafa kamfanoni a Sharaɗa da Bompai da Challawa, kowane inji daga ƙetare yake zuwa cikin akwatin katako, wani girmansa ya kai ɗaki. Idan an fitar da injin sai a yar da akwatin a bayan katanga. Iyayen yaranmu su ne masu gadi da masu shara da masu saƙa a can, sai su roƙi manaja, mu tura amalanke mu kwaso. Rabi ya zo makaranta, rabi ya shiga unguwa, mutane su yi ƙofa da gado da teburin shayi.

Katakon fari ne, mara nauyi, yana da ƙamshi, amma yana da rigima. Idan ka ɓalle shi da ƙarfi ya tsage. Sai ka sa ƙarfen cire ƙusa a hankali, kana lallaɓa shi. Idan ka buga ƙusa kusa da baki ya dare, sai ka fara dakushe kan ƙusar da guduma. Ga ido-ido a jikinsa, wanda in filen ya ci karo da shi sai ya ɓantare. Babbar matsalarsa gara. Gara tana son katakon nan kamar yadda yaro ke son alewa. Maganinta baƙin mai, wanda aka juye daga injin mota. Nakan karɓo a gareji, in zuba a rabin garwa, in tsoma ƙafar benci kamar tsawon tafin hannu, in jingine a rana. Ƙafar kawai. Ku riƙe wannan.

Teburin ɗalibi kuwa, ga abin da ba a gani. Idan ya yi tsawo kafaɗar yaro ta gaji, idan ya yi gajere ya ranƙwafa. Idan ƙafa ɗaya ta gaza da kaurin farce, zai yi ta rawa, rubutun yaro ya karkace, malam ya ce ƙazami ne. Idan kan ƙusa ya leƙo, ya yaga wando, kuma wandon nan ɗaya ne tal uban ya iya ɗinkawa. Idan fuskar ba ta kwanta ba, fensir ya bi jijiyar katakon ya huda takarda. Shi ya sa duk teburin da na gama sai na zauna a kai, na shimfiɗa takarda marar kauri, na rubuta sunana daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗalibai har suna suka sa mini, wai Baba Gwaji. Iya Tabawa, mai sayar da ƙosai da kunu a bakin ƙofar makaranta, na yi mata benci na hana ta zama sai da na gwada. Ta ce, "Malam Isiyaku, ni ba jarrabawa zan rubuta a kai ba, ka ba ni abina ƙosai na ƙonewa."

Shekarar wahala ta zo mana a cikin shekarun tamanin, ta fuska biyu. Yaran da aka ɗiba da yawa a firamare sun iso sakandare, azuzuwa suka cika maƙil. Kamfanoni kuma suka fara rage ma'aikata, ba a shigo da sabon inji, bare akwati. Bayan katangar masaƙa sai ciyawa. Katakon kasuwa ya fi ƙarfinmu. Na koma ina yanka benci biyu da suka karye in haɗa ɗaya.

A cikin wannan hali ne maganar jarrabawa ta taso. Har lokacin ba a yarda ɗalibanmu na ajin ƙarshe su rubuta jarrabawar fita a makarantarsu ba. Cikin gari ake kai su, wata makaranta, a bayan akori-kura. A shekarar da ta gabata motar ta lalace a hanya ranar lissafi, yara suka isa a guje, gumi sharkaf, an riga an raba takardu. Da yawansu ba su ci ba, kuma ba don ba su iya ba. Shugaban makaranta, Malam Habibu, mutum siriri mai saurin tafiya, ya yi ta zirga-zirga har aka ce za a turo mai dubawa. Idan ya gamsu, za a mai da makarantarmu wurin zana jarrabawa. Idan bai gamsu ba, sai akori-kura kuma.

Malam Habibu ya same ni a rumfata ya ce, "Malam Isiyaku, sharaɗinsu ɗaya ne ya rage. Kowane ɗalibi da teburinsa da kujerarsa, shi kaɗai, da tazara tsakani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai dogayen bencina gare mu."

"Na sani."

"Katako kuma babu."

"Wannan ma na sani. Me za a yi?"

Na ce ban sani ba. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Aka kira taron iyaye ranar Lahadi a ƙarƙashin darbejiya. Malam Habibu ya yi bayani. Sai Garba Mai Giris ya miƙe. Garba Babarbare ne daga wajen Damagaram, ƙato mai fara'a, aikinsa a masaƙa shi ne zuba wa injuna mai da giris, ɗansa kuma yana ajin ƙarshe. Ni Bafulatani ne, don haka ba ma haɗuwa sai da tsiya.

Ya ce, "Jama'a, wai katako ake nema? Ni a kan me nake kwana? Kai Malam Audu, ƙofar ɗakinka da me aka yi ta? Katakon nan bai bar unguwar nan ba. A dawo da shi, yara su rubuta jarrabawa a gida. Wannan Bafulatanin in ya kasa, mu mayar da shi kiwo."

Na ce, "Kai dai kawo gadon, mu ga ko kuɗin cizo ya bar wani abu."

Aka fashe da dariya, aka tashi a kan za a yi gayya.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ban ƙara gani ba. Washegari amalanke suka fara shigowa. Ga ƙyaure, ga gado, ga akurkin kaji, ga kantar da mata ke jera kwanuka. Wani mai shayi ya kawo teburinsa ya koma shimfiɗa buhu. Mutanen Gumel da Ringim da Haɗeja da Maraɗi, waɗanda ke zaman haya a ɗaki ɗaya, da 'yan asalin Sharaɗa masu gonaki, kowa da abin da ya ɗauko. Masu aikin kwana su zo da hantsi idanu jajur, masu aikin safe su zo bayan azahar, waɗanda aka sallama daga aiki su wuni. Na raba su. Wasu cire ƙusa, wasu miƙe ta, wasu riƙe mini katako. Awo da yanka da filen ban bar wa kowa ba. Iya Tabawa tana zagayawa da kunu tana cewa wanda bai yi gumi ba kada ya miƙo kofi. Ana waƙa, ana zolaya, jiniya ta yi kuka wasu su ajiye guduma su ruga, wasu su shigo su ɗauka.

Muka yi ta yi har tebura suka kusa cika. Saura kaɗan, katako ya ƙare. Aka ce wani mai gadi a wata majema a Challawa yana da ragowar falankai, amma ba zai bayar ba sai ya ga kafintan da idonsa. Ranar Asabar ce, mai dubawa kuma farkon mako zai zo. Kafin in tafi na jera teburan a fili, na kawo garwar baƙin mai, na tsoma ƙafa ɗaya a gaban Garba, na nuna masa iyakar inda man zai tsaya. Na sake nunawa.

Ya ce, "Kai Bafulatani, ni za ka koya wa mai? Tun kana bin shanu nake wannan aiki. Tafi abinka."

Na dawo bayan la'asar ina tura amalanke. Tun daga bakin ƙofa na ji wari kamar na shiga gareji. Da na ɗaga ido sai na ga filin ya yi baƙi. Wajen rabin teburan an shafe su tas, sama da ƙasa, har kujerun, suna ta ƙyalli a rana. Garba na tsaye da tsumma a hannu, mutanensa na masaƙa na bayansa, kowa baki har kunne.

Ya ce, "Ka gani? Kai rowa ce ta hana ka. Ka ɗan shafa a ƙafa kamar mai sa turare. Mu a wurinmu inji ba a yi masa rabin mai. Yanzu garar da ta isa ta zo."

Na zauna a kan amalanken. Na ce, "Garba, a kan me yaro zai ɗora takardarsa?"

Ya dubi teburin, ya dube ni.

Na ce, "Da wane irin wando zai zauna? Ba fari ba ne?"

Murmushin ya tafi a hankali. Ya sa yatsa ya shafi tebur ɗaya, ya duba yatsan. Ya ce, "Innalillahi." Wani daga baya ya ce, "Ai na faɗa." Garba ya juya ya ce, "Ka faɗa wa wa? Ba kai ka ƙaro garwa ta biyu ba?"

Malam Habibu ya zo ya tsaya, hannu a baya, yana duban teburan. Can ya tambaye ni, "Akwai gyara?" Na ce katakon nan yana shan mai kamar soso, in ya kwana biyu a haka ya shige ciki, kuma filen biyu gare ni, ko na daina barci ba zan kankare su duka ba.

Iya Tabawa ce ta fara magana. Ta ce, "Ku maza da kun ga mai sai ku rikice. Ni kullum a cikinsa nake. Toka za ku zuba, ku bar shi a rana, ta tsotse." Ta aika cikin unguwa. Kafin magariba mata sun aiko da toka a kwalla da tasa da buhu, ta kowane murhu. Muka barbaɗe teburan, muka haɗa da garin katako, filin ya koma fari fat.

Sai wani dattijo ɗan asalin Sharaɗa, Malam Audu, wanda ya ba da ƙyaurensa, ya ce su a gona ba su san filen ba. Ƙotar fartanya da fasasshiyar kwalba suke kankare ta har ta yi sulɓi. Masu aiki a kamfanin lemo suka ce in dai fasasshiyar kwalba ce, a bar musu.

Lahadi tun da safe aka share tokar, aka zuba sabuwa, rana ta yi mata dukan tsiya, aka sake sharewa. Sannan kowa ya ɗauki ɓallin kwalba ya naɗe gefe ɗaya da tsumma. Malam Audu ya nuna yadda ake karkata ta, a ja ta bi jijiyar katako, kada a gicciye. Ƙarar kankara ta cika makarantar kamar an saki fara a gona. Baƙin yana fita siriri-siriri, farin yana leƙowa. Ni ina bi da filen ina daidaitawa, ina bi da takarda ina dannawa da tafin hannu in ga ko za ta yi tabo. Wanda ya yi tabo a mayar da shi toka. Garba ya fi kowa aiki, ya yanke yatsa bai ko tsaya ba. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Mai Giris, a ƙaro mai ne?" Shi kuma ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ku."

Mai dubawa ya zo cikin farar babbar riga, sabuwa, ta sha guga. Da na gan shi ya fito daga mota sai na tuna da baƙin man nan. Ya shiga zauren da muka jera teburan, ya auna tazara, ya girgiza wannan, ya girgiza wancan. Ya ɗan shaƙi iska ya ce, "Akwai gareji kusa ne?" Malam Habibu ya ce, "Unguwar kamfanoni ce, ranka ya daɗe, kuma mun yi wa katakon maganin gara." Iyaye sun cika tagogi, ba mai motsi.

Sai ya ja kujera ya zauna. Na san kujerar, cikin na Garba ce. Ya baza rigarsa, ya ɗora hannuwa a kan teburin, ya fito da takarda ya yi ta rubutu. Ni dai ina ta salati a zuci. Da ya miƙe, sai Malam Habibu ya ɗan ja da baya ya leƙa. Ni ma na zagaya. Garba ya baro taga ya shigo ya zagaya. Mutumin ya yi gaba, muka bi shi a baya kamar jela.

Ya tsaya ya juyo ya ce, "Lafiya? Me ya sa kowa ya koma bayana?"

Garba ya ce, "Yallaɓai, aikin rigar ne ya burge mu."

Rigar fara tas, ko ɗigo babu. Mutumin ya yi murmushi ya ce teburan ba su da kyan gani, amma ba wanda ya yi rawa, ya gamsu. Motarsa ba ta gama fita ba aka ɓarke da kabbara. Iya Tabawa ta rangaɗa guɗa. Garba ya ɗaga ni sama kamar buhun dusa yana cewa, "Bafulatani ya tsira daga kiwo!" Ina ta cewa ya sauke ni, akwai kujeru uku da ban sake dubawa ba.

A shekarar nan yaranmu suka taka da ƙafa daga gida suka rubuta jarrabawa a makarantarsu. Sakamako ya yi kyau har aka yi ta maganarsa a unguwa, ɗan Garba ma ya wuce gaba da karatu. Daga nan makarantar ta miƙe. Aka gina ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ni na yi masa kantoci. Yaranmu suka fara ciyo kofi a ƙwallo da gasar muhawara, ni na yi akwatin gilashin da ake jera su. Har wasu makarantu aka riƙa turo mana ɗalibansu su zana jarrabawa a wurinmu. Teburan gayya kuwa sun yi shekaru ana amfani da su, kuma gaskiya ɗaya zan faɗa don kada in zalunci Garba: gara ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin nasa ba.

Saura abu ɗaya. Ana cikin waccan jarrabawa ta farko, wata rana an yi zafi sosai, irin zafin da ke sa katako ya yi gumi. Ba a barina in shiga zaure, ina tsaye daga nesa. Da aka tashi, sai na hango wani ɗalibi dogo ya fito yana dariya da abokansa, da baƙin tabo a gwiwar hannun rigarsa ta dama. Na yi ta kutsawa in isa gare shi, ya shige cikin taro, kuma duk kayansu iri ɗaya. Ban gane shi ba har suka gama.

Don haka ina roƙon duk wanda ya zauna waccan jarrabawa, ko ya san wanda ya zauna, ya taimaka ya bincika mini. Ina nan Sharaɗa, kowa ya san gidan tsohon kafintan makaranta. Idan kai ne mai tabon, yanzu ka zama babban mutum, ba abin da zai same ka, ni ma ba abin da zai same ni. Ka zo mu sha shayi, ka gaya mini tsakani da Allah: tawada ce, ko mai? In kuma mai ne, ya taɓa takardar?